Busar Kawu a Wutsiyar Kaset

Matso nan kusa, jawo tabarmar, ka ji abin da ya fitar da ni daga gida har Ringim, ni da ko kasuwar Dutse sai an yi da gaske nake leƙawa. Duk wanda ya san ni a Limawa ya san ƙafata ba ta da nisa. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai madafa, allura da zare a hannu ina ɗinkin hula. Boko kuwa aji uku na yi na ce ya ishe ni. Amma Allah bai hana ni kunne ba. Ina ƙuryar ɗaki zan faɗa maka wace maƙwabciya ce ta shigo tun kafin ta yi sallama, daga yadda take jan silifas.

Labarin na Kawu ne, yayan mahaifiyata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Mutanenmu manoma ne a Buji, gero da dawa da 'yan awaki, to shi kaɗai ya fita zakka. Yana saurayi ya tafi Kano, ya faɗa hannun masu badujala, ya koyi busa saksofon, wato algaitar Turawan nan mai lanƙwasasshen wuya. Daga baya ya yi suna a Legas da kiɗan da ake ce wa jaz, wanda ake zama a saurara a manyan otal, ba a cika tashi rawa ba. Ya yi kaset biyu da sunansa da hotonsa a jiki, suna nan har yau.

A hannunsa na tashi, daga shekara shida zuwa goma sha biyu, lokacin iyalinsa suna Kano. Kullum bayan la'asar zai zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya cusa tsohuwar hula a bakin abin busar don kada maƙwabta su yi ƙorafi, ya yi ta maimaita abu ɗaya. Ni ina gefe ina tsince shinkafa. Ba wanda ya ce in saurara, amma ya shiga. Na san in zai ja doguwar murya sai ya yi wani ɗan nishi a maƙogwaro, kamar mai shirin ɗaga buhu. Na kuma san ba ya dira a kan murya kai tsaye, daga ƙasa yake somawa ya hau ta a hankali, kamar mai hawa tudu da kaya.

Da tsufa ya zo ya dawo Dutse, ya zauna layi biyu da gidana. Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama ma likita ya ce yana bin sahu, ba abin da za a yi masa. Wata safiya na kai masa kunun gyaɗa, na same shi zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa.

"Uwata," ya ce, "akwai yaron da nake son in ji kafin ƙofar nan ta rufe." Ya nuna kunnensa.

Na ɗaga murya na ce, "Wane yaro, Kawu? A kira shi."

Ya yi dariya. "Ba ya kiruwa. Ni ne, ina ɗan shekara ashirin."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji da kyau ba. Kafin jaz, kafin Legas, ya yi busa a bayan wani mawaƙi a Sabon Garin Kano. Kiɗan rawa suke yi irin na baƙaƙen Amurka, wanda su suke ce wa ritim an bulus. An ɗauki waƙoƙinsu uku a ƙananan faya-fayen garmaho. A zamanin sunan mawaƙi kaɗai ake rubutawa a jiki, masu busa da masu ganga ko oho. Nasa faya-fayen rana ta lanƙwasa su a bayan motar kaya ranar da ya yi ƙaura. Tun daga nan bai sake jin su ba.

Na ce, "To ai ga naka kaset ɗin mai hoto."

Ya girgiza kai. "Wancan dattijo ne yake busa, ya san abin da yake yi. Ni wawan nake son ji."

Daga nan gidan ɗansa na nufa, taubashina, wanda ke gyaran rediyo da waya a kasuwa sama da shekara talatin. Ni da shi ba ma haɗuwa a rabu lafiya.

"Baiwata ta zo gaishe da ubangidanta," ya ce yana gyara zama. "Me kika kawo mini?"

"Aiki na kawo maka, tunda ka rasa abin yi sai ƙiba."

Na faɗa masa. Ya ce wannan ai abin minti biyar ne, duniya yanzu tana cikin waya. Ya danna sunan Kawu, sai jaz ɗin nan na Legas ya fito. Ya danna sunan mawaƙin, ba komai. Ya shiga shafin wasu Turawa masu tara tsofaffin faya-fayen ƙasar nan, ya yi ta kunna mini ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar ya zama mako biyu. Kullum da yamma in ya taso daga kasuwa sai ya biyo ta gidana da sababbi, ina ɗinki ina saurare ina cewa ba shi ba ne.

Ran nan ya shigo da murna har yana tuntuɓe da turmi. "Na samo! Wallahi Baba ne. Ji nan."

Na saurara. Busar ta yi daɗi, ba ƙarya. Na ce, "Ba shi ba ne."

"Ke da ba ki san inda ake kunna waya ba, za ki faɗa mini busar ubana?"

"Kai kunnuwanka ai wurin rataya biro ne. Wannan dirar mikiya yake yi a kan murya. Kawu hawa yake yi. Kuma ina nishin?"

"Wane nishi kuma? Ubana ba ya nishi."

Muka kwashi rigimarmu muka kai gaban Kawu. Ƙarar waya ba ta shiga kunnensa, don haka taubashina ya karanta masa sunan mawaƙin da ƙarfi. Kawu ya ce, "Af, wannan wani ɗan Gana ne yake masa busa, dogo mai gajeren haƙuri. Ya fi ni iyawa a lokacin." Na dubi taubashina, ya dubi darbejiya.

A zaman nan ne Kawu ya tuna da mai gangarsu. Ya ce ɗan gidan malamai ne daga Ringim, ya gudo daga karatu ya kama ganga, kuma shi ne mai adana a cikinsu, ko takardar alewa ba ya yarwa. Da kaset ya shigo, ya juye duk faya-fayen da ya mallaka a kai. Daga baya ya ajiye ganga ya koma gida ya gaji makarantar mahaifinsa. Ya rasu da daɗewa, amma Kawu ya ji matarsa tana raye.

Taubashina ya ce zai je shi kaɗai. Na ce ya je ya yi me? Namiji iyakarsa zaure, kaya kuwa suna ƙarƙashin gadon tsohuwa. Kafin in ankara na ɗaura wa kaina tafiya.

Maigidana da ya ji sai da ya ajiye cokali. Ya ce, "Ringim? Ke? To Allah ya kiyaye, a gaishe da mutanen ƙasar waje." Muka shiga mota da sassafe. Ba mu kai Kiyawa ba na fara tambaya ko mun kusa. Taubashina ya ce wa direba ya yi haƙuri, yau aka fara fito da ni.

Gidan bai yi wuyar samu ba, kowa ya san makarantar. Malam, babban ɗan marigayin, ya karɓe mu a zaure da fara'a. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce shi bai san wannan ɓangaren na rayuwar mahaifinsa sosai ba, amma in shiga wurin Hajiya. Na bar su na shige.

Hajiya 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai ƙarfin murya, na same ta tana gyaran zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni 'yar wace ce. Da na kwatanta Kawu sai ta tafa hannu.

"Mai algaitar nan? Siriri mai cin barkono kamar ba gobe? Yana nan da rai? Allahu Akbar! Ya taɓa cinye mini tukunyar dambu shi kaɗai."

Aka kawo fura, aka yi hira, sai da na ga ta sake sannan na tambayi faya-fayen. Ta ce, "Wayyo 'yar nan, ai yara sun yi gare da su tun tuni. Wanda ya rage na rufe tulu da shi har ya tsage." Na ce kaset ɗin fa? Ta ce suna nan, buhu guda, amma ba abin da nake nema a ciki. Da marigayi ya dawo kan karatu bai yar da su ba, shi ba ya yar da abu. Sai ya riƙa cusa 'yar takarda a ramukan bayansu don su karɓi sabuwar ɗauka, duk azumi ya ɗauki tafsirin rediyo a kai. Kaf ya bi su ya shafe.

Na fara tunanin yadda zan koma in tsaya gaban Kawu in ɗaga murya in ce babu. Abu ne da ko a hankali ba ya faɗuwa, balle da ihu. Na sha furar don kada in yi rashin kunya, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Hajiya ta ci gaba da zancenta tana tsinke zogale. Ta ce har yanzu da su take azumi, ta fi son muryar malaman da. "Sai dai fa sai kina kusa da rediyon. Mu a gidan nan doka ce, da malam ya ɗauko addu'ar rufewa, wacce ke kusa ta miƙe ta tsaya da yatsa a kan maɓalli. Ana shafawa a kashe. In kika yi nawa sai ki ji ganga ta ɓarke miki a tsakar gida, ga baƙi, ga azumi a baki. Wata shekara surukata ta tafi duba tukunya..."

Na ajiye kwanon. "Hajiya, ganga daga ina?"

"Daga kaset ɗin mana. Ai tafsirin yakan ƙare zaren bai ƙare ba. Abin da ke ƙasa sai ya leƙo."

Ban san lokacin da na kama hannunta ba, da zogalen da komai. Shekara da shekaru matan gidan nan suna tsere da abin da na zo nema, ba wadda ta taɓa barinsa ya kai ƙarshe.

Malam ya yarda mu tafi da buhun, da sharaɗin ya dawo kafin azumi, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ya ce, "Na Hajiya ne, in aka ga wata babu su, ni da ku duka ba mu da wurin ɓuya." Taubashina ya ɗora buhun a kai yana cewa yau ubangida ya zama ɗan dakon baiwa.

To nan aiki ya dawo fagena. Ba tafiya, ba mota, zama ne da saurare. Taubashina ya tono wata tsohuwar rediyo mai cin kaset a ƙasan shagonsa, ya sauya mata bel, ya kawo mini. Na zazzage buhun a tabarma, sun fi ɗari. Kowanne fuska biyu, kowace fuska da wutsiyarta. Don kada batir ya ƙare nakan zura biro in juya zaren da hannu har ya kusa ƙarewa, sannan in saka. Sai in faɗa daidai kan addu'ar rufewa. Ba ya yiwuwa a ji addu'a a yi shiru, don haka nakan ajiye allura in ɗaga hannu. A makonnin nan na faɗi amin da ban faɗa ba a shekara. Maigidana ya ce ko ban samo busar ba na samo lada.

Abin da ke biyo bayan amin ɗin kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarsa. Wani shiru ne sai shuu. Wani labaran duniya ne na zamanin da ba a haifi 'ya'yana ba. Akwai waƙar Indiya, akwai goge, akwai inda marigayin ya ɗauki kukan jariri yana masa wasa da baki, na ce ko Malam ne wannan. Na ware shi gefe don in nuna wa Hajiya. Akwai kiɗan rawar ma da yawa, da gangar marigayin tana tafe daram, amma wani mai busar ne, ko kuwa babu busa sam. Sau biyu na ji muryar da nake zaton ta mawaƙin su Kawu ce, yana cikin baiti zaren ya ƙare, rediyo ta yi ƙwas. Na biyun har tsaki na yi wa rediyon kamar ita ta yi laifi.

Kawu bai tambaye ni ba ko sau ɗaya. In na kai masa kunu sai ya dubi fuskata, ya karɓa, ya yi zancen zafi. Amma na lura yanzu sai na matsa dab da kunnen daman yake gane ni, abin da wata biyu baya ba haka ba ne.

Ranar wata Laraba da hantsi, saura kamar ashirin a tabarma, na saka wani mai fasasshen gefe. Aka shafa addu'a, aka ɗan yi shuu, sai ganga. Mawaƙin yana ƙarasa baiti da Turanci, ya yi wata 'yar kuwwa kamar mai kiran wani. Sai na ji nishin. Ɗan ƙarami ne, in ba ka san shi ba za ka ce ƙurar zare ce. Sai muryar ta taso daga ƙasa ta hau. Allurar ta shige mini yatsa ban ji ba, sai da na ga jini a farar hular mutane. Busar tana da rawar kai, tana sauri, tana ƙara, ba irin ta mutumin da ya riƙe ni ba. Amma shi ne. Bai fi minti ɗaya da rabi ba zaren ya ƙare.

Na aika a kira taubashina, ya rufe shago ya zo. Ya saurara har sau uku, ya ce shi bai ji wani nishi ba. Amma muryarsa ta canza, kuma a ranar bai ce mini baiwa ba.

Sai matsala ta taso: kaset na Hajiya ne, dole ya koma. Taubashina ya ce zai juye a waya, na ce wayar da Kawu ba ya ji? Ya kira Malam ya yi masa bayani. Malam ya ce shi dama abin ya daɗe yana damunsa, karatu da kiɗan rawa a zare ɗaya. Ya ce in zai yiwu a raba su ba tare da an taɓa addu'ar ba, a yanke wutsiyar a bar wa Kawu, shi ma ya huta, matan gida ma su huta da tsere. Taubashina ya kwance kaset ɗin a kan faranti, ya lalubo daidai inda shuu ɗin yake, ya sa reza ya yanke. Ya haɗa na tafsirin da bakinsa ya ɗaure, wutsiyar kuma ya naɗa ta a wani fanko ya manne da jan farcena. Shekara talatin ina masa gori, ranar na ga hannun gwani.

Washegari da safe muka sami Kawu a gindin darbejiya. Na ajiye rediyon a cinyarsa, na ce da ƙarfi, "Kawu, ga yaronka." Taubashina ya ƙure ƙara ya danna. Ganga ta cika layin, har mai wankin hula na tsallake ya ɗago kai. Kawu ya karkato kunnen dama, ya matsa, ya ƙara matsawa. Zaren ya ƙare. Ya ce, "Ina jin gangar. Ta marigayi ce. Sauran ba ya zuwa."

Na rasa inda zan sa idona. Taubashina ya fara zancen zai nemo babbar lasifika. Kawu ya ɗaga masa hannu, ya ce a mayar da shi farko. Sai ya ɗauki rediyon da hannu biyu, ya kai baki, ya ɗora haƙoransa na sama a kan mariƙinta, daidai yadda mai busa ke cizon bakin abin busarsa, don sautin ya bi ƙashi ya shiga kai. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Aka danna.

Ban ji busar ba a wannan karon, shi nake kallo. Da wurin ya zo sai na ga girarsa ta ɗaga. Yatsunsa suka fara tafiya a jikin rediyon, suna danna maɓallan da babu. Kafaɗarsa tana rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ƙi fita saboda bakin a cike yake. Da ya ƙare ya sauke, ya goge mariƙin da bakin riga.

"Kai, yaron nan da gaggawa yake! Ina za shi? Kun ji inda ya riga ganga shiga? Marigayi sai da ya jefe ni da sanda a kan wurin nan." Ya share ido. "Amma yana da wuta. Wallahi yana da wuta. Ashe ba ƙarya nake wa kaina ba."

Ya dube ni ya ce, "Uwata, Allah ya yi miki albarka." Ya dubi ɗansa ya ce, "Kai ma, duk da dai kunnenka na uwarka ne." Sannan ya ce a sake sakawa. Sau tara aka saka kafin kunun ya huce.

Buhun ya koma Ringim saura kwana shida azumi, da goro da turare da kaset ɗin kukan jaririn a sama. Hajiya ta aiko da dambu a kwano, ta ce a ba mai algaita, ta yafe na da. Sauran waƙoƙin biyu ba mu same su ba, na bi ragowar kaset ɗin kaf. Kunnen Kawu na dama ya ƙarasa rufewa bayan babbar salla. Rediyon tana gefen shimfiɗarsa, mariƙinta duk sawun haƙori.

Ni dai in na tuna, godiya nake yi ga mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ya ajiye ganga amma bai iya yar da kaset ba, da tsohuwar da ta yi suɓul da baka tana gyaran zogale, da Malam da bai ce mana haram ya rufe ƙofa ba. Ko wancan mai ƙibar na gode masa, sai dai kada ka faɗa masa.

Kai fa, tsohon da ke gidanku, ka taɓa zama ka tambaye shi abin da yake marmarin sake ji tun yana iyawa?